Saƙon tallafin annoba ya dawo da sunan kwalara: wa ke da alhaki idan na gida ne ya turo maka?

Baban_Khalifa_Agege

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya faru shekaranjiya ne ya sa na ga bai kamata in ci gaba da yin shiru ba. Kun san tun kafin Babbar Sallar 2024 gwamnatin Legas ta sanar da ɓarkewar kwalara, wadda ta fi tsanani a Tsibirin Legas. To shekaranjiya da daddare sai ga saƙo a zauren 'yan garinmu mazauna Agege, yana cewa ma'aikatar lafiya za ta raba naira 50,000 ga kowane magidanci domin sayen ruwa mai tsabta da magani, a latsa adireshin da ke ƙasa a cike suna da lambar waya da BVN kafin ƙarfe 12 na dare. Ina karantawa gabana ya faɗi, domin irin saƙon da ya cinye jarin ƙanena ne a watan Afrilun 2020, sai dai inda aka rubuta korona a wancan karo yanzu an sa kwalara.

Ƙanen nan nawa ɗan acaɓa ne a lokacin. Da aka hana acaɓa a manyan sassan Legas ranar 1 ga Fabrairun 2020 sai ya sayar da babur ɗinsa, ya ajiye naira 187,000 a banki da niyyar kafa teburin shayi. Bai kai ga kafawa ba dokar kulle ta fara a daren 30 ga Maris. Ana cikin kullen ne saƙon ya zo, ya cike, washegari wani ya kira shi da Hausa tatacciya, ya yi sallama, ya karanto masa cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da sunan bankinsa, sannan ya nemi lambobin katinsa da wasu lambobi da za su shigo wayarsa. Kafin la'asar babu ko kwabo a asusun.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya turo saƙon. Kawunmu ne, wanda ya kawo mu Legas, muka kwana a shagonsa shekara biyu bai taɓa karɓar sisinmu ba. Kuma shi ne dai ya sake turo na kwalara shekaranjiya. Tambayata ita ce, wanda ya yaɗa irin wannan saƙo da kyakkyawar niyya, yana da alhaki a kan abin da ya biyo baya ko ba shi da shi? Kuma yaya za mu tsare kanmu ba tare da mun kashe yardar da ke tsakaninmu ba, alhali ita ce kaɗai abin da baƙo yake da shi a garin nan?

Mai_POS_Mile12

Wa alaikumus salam. Malam Baban Khalifa, Allah ya mayar wa ƙanenka da mafi alheri. Shekara shida ke nan ina sana'ar POS a bakin kasuwar Mile 12, kuma irin wannan labari na ji shi ya fi a ƙirga, galibi daga 'yan gwari da masu dako waɗanda suka zo cirar kuɗi na'ura ta ce babu.

Akwai abin da nake so mutane su fahimta. Lambar BVN, lambobi 11 ɗin nan, ita kaɗai ba ta isa a kwashe kuɗin mutum ba. Amfaninta ga ɗan damfara shi ne ta buɗe masa ƙofar hira. Duk abin da mutumin nan ya karanto wa ƙanenka, shi ƙanen naka ne ya rubuta shi da hannunsa a shafin da ya cike kwana ɗaya kafin kiran, amma da yake an kwana, kuma muryar ta zo da natsuwa irin ta ma'aikaci, sai ya ɗauka daga kwamfutar banki ake karantowa. Daga nan sai a nemi lambobi 16 na gaban kati, da watan ƙarewarsa, da ukun da ke baya, sannan lambobin da banki ke turowa domin tabbatar da cewa mai asusu ne da kansa yake cirewa. Da zarar ka karanta waɗannan, kai ka sa hannu. Kuɗin kuma ba sa kwana wuri guda, ana rarraba su zuwa asusu uku ko huɗu a cire su a wurin irinmu masu POS, shi ya sa idan baƙuwar fuska ta zo da katuna da yawa tana gaggawa nakan ce babu kuɗi a hannuna.

Batun Hausar da aka yi masa kuma kada a raina shi. Bahaushen da ke Legas, wanda ya saba da a yi masa tsawa da Turanci ko Yarbanci a kowane ofishi, idan ya ji an ce masa "Malam, barka da war haka, ya ya iyali da wannan hali da ake ciki," rabin tsaronsa ya riga ya zube. Da ɗan gari kan ci gari.

Alhaji_Kara

Ni a ganina kada mu yi ta kewaye-kewaye. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na shekara 34 ina harkar dabbobi tsakanin Arewa da Ikko, ban taɓa ganin ranar da gwamnati ta bi mutum har cikin aljihunsa tana roƙonsa ya karɓi kuɗi kafin ƙarfe 12 na dare ba. Kawunku bai sa hannu a aljihun kowa ba, kuma bai tilasta wa yaron ya karanta lambobinsa ba. Wanda ya ga kuɗin da bai yi wa gumi ba ya miƙa hannu, shi ya kamata ya fara tuhumar kansa.

Ummu_Sumayya

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izini in saɓa muku. Ba kowa kwaɗayi ya kai shi ba. Ni tausayi ne ya kai ni, kuma ba karɓa na je yi ba, bayarwa na yi.

A watan Janairun 2021, lokacin da cutar ta dawo karo na biyu ana ta maganar ƙarancin iskar oksijin a asibitocin Legas, saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar malamarmu ta Islamiyya a Idi-Araba, da hotonta da komai. Ta ce an kwantar da maigidanta, numfashinsa yana sarƙewa, ana neman naira 60,000 na tukunyar iska, kuma ba za ta iya ɗaga waya ba domin tana cikin ɗakin marasa lafiya. Ta kira ni da "'yata" kamar yadda ta saba, ta rufe da addu'ar da take rufe kowane saƙo da ita. Na lura sunan da ke kan asusun ba nata ba ne, na tambaya, aka ce na mai sayar da iskar ne. Kuɗin adashi ne a hannuna, na cire naira 25,000 na tura, ina kuka ina roƙon Allah ya tashi kafaɗunsa.

Washegari na dafa kunu na tafi gidan domin in tambayi asibitin da suke, sai na tarar da maigidan zaune a ƙofar gida yana sauraren rediyo. Ashe kwana biyu kafin nan wani ya kira malama ya ce an shirya karatun mata ta intanet tunda an taƙaita taruwa, za a turo mata lambobi shida na shiga, ta karanto masa. Da su ya ɗauke WhatsApp ɗinta zuwa wayarsa. Mu goma sha ɗaya muka tura kuɗi. Malama ta fi mu shiga damuwa, har ta so ta sayar da ɗan kunnenta ta biya mu, muka ƙi.

To Baba, a nan ina kwaɗayin? An yi mana zamba cikin aminci ne, aka bi ta ƙofar da muka fi ɗauka da daraja. Abin da har yau yake mini ciwo shi ne, bara wata maƙwabciyata ta turo neman taimako na gaskiya, ɗanta yana asibiti, na kwana ban amsa ba saboda tsoro.

Ma'aikaciyar_Jinya

'Yar'uwa Ummu Sumayya, Allah ya karɓi niyyarki. Ina aikin jinya a Legas tun kafin Ebola, kuma abin da kika faɗa ya tuna mini daren da ba na mantawa, wayewar garin 8 ga Agustan 2014. Patrick Sawyer ya shigo da cutar daga Laberiya ranar 20 ga Yuli, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da ke Obalende, ita ma ta kamu, gari ya cika da tsoro. Wajen ƙarfe 3 na dare wayata ta fara ƙara: mahaifiyata daga gida, sai yayata, sai gwaggona, kowa yana cewa in tashi in yi wanka da ruwan gishiri in kuma sha kafin gari ya waye. A faɗin ƙasar an kwantar da mutane da dama a asibiti saboda shan gishirin, aƙalla biyu suka rasu, alhali Ebolar kanta mutum 8 ta kashe cikin 20 da suka kamu kafin a bayyana ƙasar ta tsira ranar 20 ga Oktoba. Babu wanda ya ci riba da wannan ƙarya, amma hanyar da ta bi ita ce hanyar da 'yan damfara suka gano daga baya. Saƙon da ya zo daga bakin uwa ba a tambayarsa hujja.

A watan Maris 2020 ma haka aka yi da kulorokwin bayan shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabi, kuma jami'an lafiya na Legas suka sanar da cewa an kawo mutane asibiti saboda sun sha fiye da ƙima.

Game da kwalarar nan ta 2024, don Allah a isar wa kowa cewa gwamnatin jiha ta ce maganinta kyauta ne a asibitocinta, kuma babu ma'aikacin lafiyar da zai nemi BVN ɗinka kafin ya sa maka ruwa. Wanda ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na fakiti ko kuma a haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kama hanyar asibiti ba tare da jiran safiya ba.

Ɗan_Obalende

Anti, gaskiya ne batun gishirin nan, a layinmu har masu shago sai da aka tashe su cikin dare. Akwai kuma maganar namijin goro da aka yaɗa a lokacin, aka ce yana kashe Ebola. Amma kada mu bar tambayar Baban Khalifa, domin har yanzu ba a amsa masa ba.

Akawu_Ikeja

Zan zo kan tambayar, amma ina so in fara amsa wa Alhaji, domin maganarsa cewa gwamnati ba ta bin mutum da kuɗi ta fi dacewa da shekarun baya. A 2020 gwamnati ta yi hakan, kuma a nan matsalar take. Ma'aikatar jinƙai ƙarƙashin Sadiya Umar Farouq ta raba naira 20,000 ga waɗanda ke cikin rajistar marasa ƙarfi, kowa ya gani a talabijin ana miƙa kuɗi hannu da hannu. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL. A watan Satumba aka buɗe asusun ceto ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75, inda masu sana'ar hannu suka samu naira 30,000. Na biyu da na ukun duka ta intanet ake nema, kuma duka suna tambayar BVN. Ni kaina na cike wa mutane fiye da ashirin a ofishina, wasu sun samu.

Saboda haka ɗan acaɓan da aka raba da sana'arsa, yana zaune a ɗaki ba shiga ba fita, ya ji maƙwabcinsa ya samu alat na gaske, ta yaya zai bambance shafin gaskiya da na ƙarya, alhali tambarin iri ɗaya ne, tambayoyin ma iri ɗaya? Sannan a watan Oktoba aka fasa rumbunan kayan tallafin korona na gamayyar kamfanoni masu zaman kansu, wato CACOVID, har da na Maza-Maza a nan Legas, mutane suka ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya jibge. Tun daga ranar talaka ya ƙara yarda cewa akwai rabonsa da ake ɓoye masa, kuma duk wanda ya zo masa da "hanyar ciki" zai saurare shi. A Disamba kuma aka ba da umarnin haɗa layin waya da lambar NIN, mutane suka yi cincirindo a ofishin rajistar katin ɗan ƙasa da ke Alausa ana tsakiyar annoba, 'yan damfara suka koma tura saƙon cewa za a rufe layinka ko asusunka yau idan ba ka kira wannan lamba ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A kan kawu, ra'ayina shi ne shi ma an yi amfani da shi ne. Ɗan damfara ba ya da mutuncin da za a yarda da shi, saboda haka yake aron na dattijo irin kawunku, shi ya sa kusan kowane shafi na ƙarya yake cewa sai ka tura wa zaure biyar ko mutum goma kafin a biya ka.

Malam_Idi_Araba

Bismillah. Ba fatawa zan bayar ba, tunatarwa ce. Ya kamata a raba abu biyu, wato wanda biyan dukiyar ya hau kansa da wanda ya yi sakaci. Biya yana kan ɓarawon da ya ci, ba a kan wanda aka yaudara ya isar da saƙo yana zaton alheri yake yi ba. Amma sakaci abu ne da ake tambayar mutum a kansa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, domin kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Latsa "tura" aiki ne, kuma wanda ake girmamawa nauyinsa ya fi na yaro, domin shi sunansa hatimi ne a kan saƙon.

Sai dai ina da tambaya gare ka, Baban Khalifa. Shin an taɓa zaunar da kawun naku an gaya masa abin da saƙonsa na farko ya jawo? Idan an gaya masa ya sake, wannan magana ce daban. Idan kuwa kun ɓoye masa saboda kunya da girmamawa, to shekara huɗu ke nan yana zaton ya taimaki 'ya'yansa, kuma wani kaso na alhakin saƙon shekaranjiya yana kan waɗanda suka sani suka yi shiru.

Baban_Khalifa_Agege

Allah gafarta Malam, kun taɓa inda yake mini ciwo. Ba a taɓa gaya masa ba. Mahaifiyarmu ce ta ce kada wanda ya kuskura ya tayar da maganar, domin yayanta ne kuma ya yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Ƙanena ya koma gida bayan an buɗe hanyoyi, aka ce wa kawu kasuwa ce ta ƙi. Na ɗauka rufin asiri muka yi, ban taɓa kallonsa ta wannan fuska ba.

Ɗalibi_Akoka

Ina karatun kwamfuta, kuma ina so in ƙara bayani a kan labarin Anti Ummu Sumayya. Wanda ya ɗauke WhatsApp ɗin mutum zuwa sabuwar waya yawanci ba ya ganin tsofaffin hirarraki, amma yana samun kansa cikin duk zaurukan da mutumin yake, yana ganin lambobin mambobi da duk saƙon da ya shigo daga lokacin. Wataƙila kwana biyun nan da ya yi shiru karatun zauren yake yi, yana koyon yadda ake kiran juna. Maganin wannan yana cikin manhajar kanta: a shiga saituna a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a zaɓi lambar sirri shida wadda kai kaɗai ka sani. Minti biyu ya isa, kuma ya kamata kowannenmu ya yi wa iyayensa da malamansa.

Abin kuma ba namu kaɗai ba ne. A watan Afrilun 2020 kamfanin Google ya ce yana tare saƙonnin imel na yaudara masu alaƙa da korona kimanin miliyan 18 a kowace rana. A watan ne kuma WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya yawata sosai zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Shawarata ita ce a duba ƙarshen adireshi, na gwamnatin Najeriya yana ƙarewa da gov.ng.

Akawu_Ikeja

Ƙanena, shawararka tana da amfani amma ba ta cika ba. Shafin rancen Babban Banki da na ambata ba a kan gov.ng yake ba, kuma na gaskiya ne. Sannan ɗan damfara yana iya sa waɗannan haruffa a tsakiyar dogon adireshi, wanda bai saba ba ya ga kamar daidai ne. Alamar da na fi dogara da ita ita ce abin da ake nema daga gare ka. Duk wanda zai ba ka kuɗi lambar asusunka ta ishe shi. Wanda ya nemi lambobin kati, ko lambar sirri, ko lambobin da suka shigo wayarka, ko kuɗin rajista, cira zai yi.

Direban_Tirela_Apapa

Ni abin da damfarar nan ta yi mini daban ne. Bayan an cuci abokan aikina biyu a garejinmu, sai na yanke cewa duk abin da aka ce na korona ne ƙarya ne. Da allurar rigakafi ta zo aka ce a yi rajista da suna da lambar waya, na ce ga su nan sun sake dawowa, na hana iyalina. Kuma mu mutanen Kano muna da dalilin tsoro tun gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau a 1996, wanda ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Na san direbobin da suka biya kuɗi aka ba su katin allura ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba, da waɗanda suka sayi takardar gwaji ta bogi domin na gaskiya a ɗakunan gwaji masu zaman kansu naira 50,400 ne a wancan zamanin. A lokacin muna ganin dabara ce. Yanzu da nake tunani, mu ma kuɗi muka ba ɗan damfara, sai dai da saninmu.

Ma'aikaciyar_Jinya

Yaya Direba, na gode da ka faɗi gaskiya, kuma tsoron mutanen Kano ba daga sama ya faɗo ba. Amma abin da ka bayyana shi ne ɓarnar da ta fi tayar mini da hankali, domin ba a ganinta a asusun banki. Allurar farko ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu, kuma kyauta ake yin ta. Mun zauna da ita a cikin sanyi muna jiran mutane, wasu suna can suna biyan kuɗi domin takarda. Ina tsoron ranar da sanarwar gaskiya za ta fito a kan kwalara ko mashaƙo, a ce kada a sha ruwan wuri kaza ko a kawo yara rigakafi, mutane su share ta tare da saƙonnin ƙarya.

Alhaji_Kara

Na karanta abin da 'yata Ummu Sumayya ta rubuta har sau biyu, kuma na janye rabin maganata. Na tuna cewa ni ma a azumin 2020 na tura naira 100,000 ga wani asusu da aka yaɗa da hotunan mata da yara, aka ce ciyar da marayu ake yi a cikin kulle. Wani abokin kasuwancina ne ya turo mini, ban tambaye shi ko ya san masu abin ba, kuma har yau ban san inda kuɗin suka shiga ba. Ina nan a kan bakana cewa kuɗin banza abin tuhuma ne. Amma abin da nake tsoro shi ne a wayi gari ɗan'uwa ya faɗi a Ikko babu mai ɗaga shi. Sau nawa a zaure irin wannan aka tara kuɗin asibiti ko na likkafani cikin awa biyu ga mutumin da ba shi da kowa a garin nan?

Hajiya_Mai_Atamfa

Wannan tsoro na Alhaji shi ne ya sa a zauren matanmu na Agege muka kafa ƙa'ida bayan an cuce mu sau ɗaya. Ba a sa neman taimako sai mutum biyu da aka sani sun je sun ga maras lafiyar da idonsu, kuma asusun ya kasance da sunan mai neman ko na ma'ajin zaure. Duk saƙon da ke ɗauke da adireshin intanet da alkawarin kuɗi ana goge shi nan take, ko wa ya turo, sannan a kira shi a yi masa bayani a keɓe domin kada ya ji an tozarta shi. Shekara uku ke nan ba a sake ba.

Ɗan_Obalende

Hajiya, ƙa'idar tana da kyau ga ciwon da ke jira, amma kwalara tana iya kashe mutum cikin sa'o'i. Idan abu ya faru ƙarfe 2 na dare a Ajah, su wa za su tashi daga Agege su je gani? Ni ina ganin kiran waya na kai tsaye, ba ta WhatsApp ba, ya wadatar. Idan aka ce ba za a iya ɗagawa ba, a kira matarsa ko maƙwabcinsa.

Ummu_Sumayya

Da na yi wannan kira ɗaya da ban tura ba, domin layin malama yana hannunta, WhatsApp ɗin kaɗai aka ɗauke. Na kai ƙara daga baya, na cike takardu, ban samu komai ba, amma ban yi nadamar zuwa ba. Cikin mu goma sha ɗaya ni kaɗai na je, sauran kunya ta hana su, wasu ma mazajensu ba su sani ba har yau.

Baban_Khalifa_Agege

Na je wurin kawu bayan sallar isha'i kamar yadda Malam ya nuna, ni kaɗai, bayan na kira mahaifiyarmu na roƙe ta ta amince. Na gaya masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya tambaye ni nawa ne kuɗin, na faɗa, ya ce me ya sa muka bar shi cikin duhu shekara huɗu. Ya ce zai kira ƙanena da kansa. Daga nan ya miƙo mini wayarsa ya ce in goge saƙon duk inda ya tura, sai na tarar zaure huɗu ne. Ya sa na ɗauki muryarsa yana cewa saƙon ƙarya ne kada kowa ya cike, muka tura. Mutum biyu sun riga sun amsa cewa sun cike tun jiya, ɗaya ma an kira shi ɗazu ya ba da lambobin katinsa, amma lambobin da suka shigo wayarsa bai karanta ba domin cajinsa ya ƙare. Mai POS, Akawu, me ya kamata su yi a daren nan?

Mai_POS_Mile12

Wanda ya ba da lambobin kati ya kira lambar da ke bayan katinsa yanzu, ba da safe ba, ya ce a toshe katin, gobe ya je reshe da kansa a ba shi sabo ya canza lambar sirri. Idan yana da wani asusun ya mayar da kuɗinsa can kafin ya kwanta. Na biyun, wanda ya cike shafi kawai, ya sa a ransa cewa za a kira shi cikin kwanakin nan da sunansa da sunan bankinsa, wataƙila da Hausa, kada ya tsaya jayayya, ya kashe wayar kawai. Idan an riga an cire wani abu, ya rubuta ƙorafi ga bankinsa ya karɓi lambar shaida, in mako biyu ya wuce ba a warware ba ya kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Ofishin EFCC yana titin Awolowo a Ikoyi, sashen 'yan sanda masu binciken zamba kuma yana titin Milverton. Kada su goge saƙonnin da lambar da aka kira su da ita, domin su za a fara tambaya. Idan ɗayansu bai iya karatu ba, ka turo shi Mile 12 gobe bayan azahar in raka shi banki.